Yadda Ake Zaɓen Zango a Bakin Tabki a Minesota, ga Mai Tanti da Mai Motar Ɗaki

Da zarar ƙanƙara ta narke a kan tabkunan jihar Minesota ta Amurka, wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, duk yammacin Juma'a hanyoyin da suka nufi arewa daga Miniyapolis cika suke yi maƙil. Wannan na jan kwalekwale, wancan na jan tirela mai ɗaki da kicin a ciki, wani kuma ya ɗaure tanti da kujeru a saman mota. A lambar motocin jihar an rubuta tabkuna 10,000, amma ƙidayar hukuma ta ce 11,842 ne, waɗanda girmansu ya kai eka 10 ko fiye. Yanzu 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai can sun fara shiga wannan sahu, galibi don yara sun ji abokansu na makaranta suna labari sun hana iyaye sakat.

Wurin kwana ba ya wuya a wannan ƙasa. Wahalar ita ce mutane kan zaɓi suna, su ce za su tabkin Itasca ko na Mille Lacs, alhali abin da zai sa su ji daɗi ko su dawo da ɓacin rai shi ne ɗan gurbin da aka rubuta wa lamba, inda za su kafa tanti ko su ajiye mota. A zango ɗaya, gurbi na 14 na iya zama a tudu mai iska yana kallon ruwa, na 41 kuma a gindin fadama kusa da masai. Kuɗinsu ɗaya. Don haka matakan nan daga nesa za su faro, su gangaro har kan gurbin.

Mataki na 1: Ƙirga mutanenka, auna kayanka

Kafin ka buɗe intanet, ɗauki takarda. Mutum nawa ne? A gandayen shaƙatawa na jihar, mutum 6 ake yarda su kwana a gurbi ɗaya. Gidan Bahaushe kuwa, da yara da ƙanin maigida da baƙuwar da ta zo hutu, nan da nan ake wuce shida. Idan kun fi haka, ko ku kama gurbi biyu maƙwabtan juna, ko ku nemi filin rukuni da ake ware wa jama'a masu yawa. Kada ka ce za ka lallaɓa, ma'aikatan gandu suna zagayawa.

Sai ka dubi wanda ya fi rauni a tafiyar, domin shi za a zaɓa wa wuri. In akwai Hajiya mai ciwon gwiwa, zangon da babu bayan gida na zamani ya fita daga lissafi. In akwai ɗan shekara biyu mai gudu, gurbin da ke gab da ruwa ya fita. In akwai mai kwana da na'urar taimakon numfashi, dole a sami lantarki, ko da a tanti za a kwana.

Mai motar ɗaki, wadda can ake kira RV, lambobi uku zai rubuta ya manna a gaban direba: tsawo, bisa, da ƙarfin wutar da motar ke ja. In tirela ce, a auna daga hancin motar da ke ja har ƙarshen tirelar, don haka gandayen jihar ke lissafi. Tirela mai ƙafa 25 da motar da ke janta kan haura ƙafa 40. Wanda ya yi haya ya tambayi mai motar waɗannan lambobi, ya kuma tambaya ko tana da ɓangaren da ke buɗewa ta gefe, da kuma ta wane gefen. Mai tanti shi ma ya auna faɗin tantinsa a ƙasa. Manyan tantunan iyali masu ɗaki biyu ba sa shiga dandamalin da aka tanada a wasu guraben.

Mataki na 2: Yanke nisan tafiya

Daga Miniyapolis zuwa yankin Brainerd ko Alexandria awa biyu da ɗan wani abu ne. Itasca da Bemidji na neman awa huɗu, Ely kuma ya ɗan fi haka. Mai jan tirela ya ƙara kusan awa guda a kan abin da waya ta gaya masa. In kwana biyu kawai gare ka, kada ka wuce tafiyar awa uku, musamman a karon farko. Kafa sabon tanti da fitilar waya, ga sauro ga yara na kukan yunwa, ba ya barin aure lafiya.

Mataki na 3: San mai zangon

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin kowane mai zango da irin tsarinsa da shafin da ake kama wuri.

Gandayen shaƙatawa na jiha, waɗanda hukumar albarkatun ƙasa ta DNR ke kula da su, su na fi ba sabon shiga shawara. Akwai ruwan sha, wurin wanka mai ruwan zafi a mafi yawansu, ma'aikata, da tazara mai kyau tsakanin gurabe. Wasu guraben na da lantarki, wasu babu. Abin da ba kasafai ake samu ba shi ne famfo da bututun ƙazanta a gindin kowace mota. Sai dai ka cika tankinka a hanyar shiga, ka zubar da ƙazanta a wurin da aka keɓe a hanyar fita. Bayan kuɗin gurbi akwai takardar shigar mota, ta yini ko ta shekara. Itasca, wanda aka kafa a 1891, shi ne mafi daɗewa, kuma daga tabkinsa kogin Misisipi ke farowa, inda yara ke tsallaka shi a kan duwatsu. Yana da zango biyu, Bear Paw da ke kusa da ruwa da Pine Ridge da ke ɗan ciki. Lake Carlos kusa da Alexandria, Father Hennepin a bakin Mille Lacs, da Bear Head Lake kusa da Ely duk suna karɓar tanti da mota. Glendalough kuwa na masu tanti ne: a ajiye mota a fili, a zuba kaya a amalanke a tura zuwa gurbi.

Na biyu, dazuzzukan gwamnatin tarayya guda biyu, Chippewa da Superior. A Chippewa ne manyan tabkunan Leech, Cass da Winnibigoshish suke, kuma zangon Norway Beach a bakin Cass sananne ne saboda yashinsa. A Superior akwai Fall Lake kusa da Ely. Wasu zangunan dajin na da wuta da wurin wanka, da yawa kuma masai ne kawai da famfo. A shafin Recreation.gov ake kama su.

A wannan shafin kuma za ka ga waɗanda baƙi ba su cika sani ba: zangunan rundunar injiniyoyin sojan Amurka, da ke gefen madatsun ruwan da suka gina a saman Misisipi, irin su Gull Lake, Cross Lake, Sandy Lake da Pokegama. Ga mai motar ɗaki, a ganina, da wuya a sami abin da ya fi su. Gurabensu a baje suke, akwai lantarki, akwai tsabta, kuma gari na kusa.

Na huɗu, ƙananan zangunan dazuzzukan jiha. Arha gare su, shiru gare su, ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke da gurbi. Masai, famfon tuƙa-tuƙa, teburi da murhun ƙarfe, shi ke nan. Mai tanti da ya saba zai so su. Babbar mota kuwa kan sha wuya a siraran hanyoyinsu na tsakuwa.

Sai na 'yan kasuwa, daga manyan kamfanoni irin su KOA zuwa ƙananan wurare na iyali ɗaya a bakin tabki. Nan ake samun wuta da ruwa da bututun ƙazanta duk a gindin mota, da injin wanki, da kanti, wani lokaci har da wurin ninkaya. Sun fi tsada, kuma motoci kan jeru kusa da kusa, har ka ji abin da maƙwabci ke soyawa. A da yawa daga cikinsu, guraben bakin ruwa na hannun masu biyan kuɗin shekara, waɗanda suka kafa tirela suka yi mata baranda da tukwanen fure. Baƙon kwana biyu a baya ake sa shi, mai tanti kuma a wani fili can gefe babu inuwa. Ka tambaya kafin ka biya. Ƙananan hukumomi da garuruwa su ma suna da nasu zangunan, kuma sau da yawa a nan ake samun wuri idan ko'ina ya cika.

Wurare biyu da sunansu ke jan mutane, amma ba na wannan tafiya ba ne. A gandun ƙasa na Voyageurs babu gurbin da mota ke kaiwa, sai jirgin ruwa. Dajin Boundary Waters kuma na masu kwalekwale ne da ke ɗaukar kayansu a kafaɗa daga tabki zuwa tabki, da izini na musamman. A bar su sai an goge.

Mataki na 4: Binciki tabkin kansa

A hoto duk tabki shuɗi ne. DNR na da shafi mai suna LakeFinder, inda za ka rubuta sunan tabki ka ga girmansa, zurfinsa, hasken ruwansa, da irin kifin da ke ciki. Ɗan lokacin da za ka ɓata a nan ba asara ba ne.

Tabki marar zurfi a yankin gonaki na kudu da yammacin jihar kan yi ɗumi da wuri, amma daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta gansakuka kan rufe shi, ruwan ya zama kore shar. Wata irin gansakukar guba ce, tana kashe karnuka, tana sa wa mutum amai da ƙuraje. In ka ga ruwa ya koma haka, ko ƙafa kada yaro ya sa. Tabki mai zurfi a arewa kuwa garau yake, sai dai sanyi. A Mayu da farkon Yuni, ko rana na dukan ka, ruwan na iya sandarar da gwanin iyo cikin 'yan mintuna. Akwai kuma ƙaiƙayin da ke kama masu wasa a ruwa marar zurfi, wanda wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a jikin katantanwa da agwagin ruwa ke jawowa. Goge jiki da tawul da zarar an fito na rage shi, kuma ofishin zango ya san ko ana fama da shi a makon.

Ka kuma tambayi kanka irin hutun da kake so. Tabkuna irin su Gull da jerin Whitefish na masu jiragen gudu ne, ranar Asabar ƙarar inji ba ta yankewa. Annie Battle da ke cikin Glendalough an hana inji a kansa ɗungurungum. Manyan tabkuna irin Mille Lacs, Leech da Winnibigoshish kifi gare su, musamman walleye da 'yan jihar ke ji da shi, amma iska na tayar musu da igiyar ruwa da ƙaramin kwalekwale ba zai jure ba. Iyali masu yara sun fi dacewa da matsakaicin tabki mai gaɓar yashi wadda ke zurfafa a hankali. Ba kowace gaɓa ke da mai gadin ninkaya ba, yawanci ma babu. Dokar jihar ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 10 sai da rigar ceto a cikin jirgin da ke tafiya, kuma mai shekara 16 zuwa sama sai da lasisi zai jefa ƙugiya.

Wani abu da baƙo ya kamata ya sani: yawancin wannan yanki ƙasar 'yan asali ce, al'ummar Ojibwe. Wasu wuraren suna da dokokinsu. Tabkin Lower Red Lake, alal misali, ba a yarda wanda ba ɗan ƙabilar ba ya shiga haka kawai. Ciyawar da za ka gani tsaye cikin ruwa a wasu gaɓoɓin kuma shinkafar daji ce da suke girmamawa, ba a ratsa ta da jirgi.

Mataki na 5: Zaɓi gurbin

A nan aikin yake. Buɗe taswirar zangon a gefe ɗaya, hoton tauraron ɗan'adam na Google a ɗaya gefen, sannan ka duba hoton kowane gurbi da shafin ya saka.

Fara da gefen tabkin. A lokacin bazara iska ta fi kaɗowa daga yamma da kudu. Zangon da ke gaɓar gabas, wato mai kallon yamma, yana samun iskar da ke korar sauro, ga faɗuwar rana a kan ruwa. Amma shi ne kuma hadari ke fara duka. Gurbin da ke lungu, inda iska ba ta shiga, kusa da fadama ko ciyawar ruwa, nan ne gidan sauro. A hoton sama fadama kan fito da launin kore mai haske, babu bishiyoyi, wani lokaci da ɗan siririn rafi a tsakiya. In ka ga haka a bayan gurbi, wuce.

Ba lallai sai gurbin bakin ruwa ba. Kowa shi yake so, shi ya sa ya fi saurin ƙarewa, amma masu wucewa zuwa gaɓa ta gabanka za su riƙa bi, da kayan wankansu da karnukansu. Iyalin da ke son sutura da sakewa sun fi jin daɗi a layi na biyu, a bayan da'irar hanya, inda daji ke bayansu. Guraben da ke cikin da'irar kuwa maƙwabta ne gaba da baya.

Bayan gida kada ya yi kusa, kada ya yi nisa. Dab da shi akwai fitila mai ci har safe da ƙarar ƙofa, in masai ne kuma ga wari da rana. Tazarar gurbi huɗu ko biyar ta isa. Mu da ke yawan zirga-zirga da buta, kusancin famfo ya fi mana muhimmanci fiye da yadda yake ga sauran mutane, don haka nemi alamarsa a taswira. Guji bakin ƙofar shiga, wurin zubar da shara, da hanyar da ke gangarawa mashigar jirage, don masunta tun kafin gari ya waye suke tada motoci.

Mai motar ɗaki zai duba abu huɗu. Na farko tsawon gurbi, ya fi na motarsa da 'yan ƙafafu. Na biyu yadda ake shiga: akwai wanda ake shiga da baya, akwai wanda ake shiga ta nan a fita ta can. Wanda bai taɓa yin ribas da tirela ba ya nemi na biyun, ko da zai rasa kallon ruwa, don tirela kan juya kishiyar inda ka murɗa sitiyari, ga bishiyoyi a gefe, ga 'yan kallo a kujerunsu. Na uku lantarki. Akwai soket mai amfiya 30 da mai amfiya 50, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda lambar ta nuna: na 30 na ba da wat 3,600, na 50 kuwa 12,000. Da na 30, in na'urar sanyaya ɗaki na aiki aka kunna butar lantarki da abin ɗumama abinci lokaci guda, wuta za ta ɗauke. Bakin soket ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, sai da mahaɗi, ka saya tun daga gari. Na huɗu shimfiɗar ƙasa. Yawancin firjin waɗannan motoci ba ya aiki daidai in mota ta karkace, don haka in shafin ya ce gurbin na da gangare, ka zo da katakan da ake sa wa a ƙarƙashin taya.

Ga wani abu da dillalin haya ba zai gaya maka ba, don bai san gidanmu ba. Tankin ruwan wanke-wanke ƙarami ne. Alwalar mutum shida sau biyar a rana, da wankin tukwanen miya, kan cika shi tun ba a je ko'ina ba, kuma haramun ne a doka a sake shi a ƙasa. In babu bututu a gurbinka, a yi alwala a waje da buta, a yi wanka a banɗakin zango, a bar na cikin mota don dare.

Mai tanti kuwa kusan kishiyar wannan yake nema. Shi ƙasa mai laushi yake so, ba tsakuwar da aka daddaɓe don taya ba, wadda turke ba ya shiga. Yana son inuwar safe, don rana na fitowa tun wajen biyar da rabi a watan Yuni, kuma tanti kan yi zafi nan da nan. Yana son nisa da janareto da na'urorin sanyaya ɗaki masu gurnani duk dare. Saboda haka, in ba ka buƙatar wuta, zaɓi ɓangaren da babu lantarki: ya fi arha, ya fi shiru, manyan motoci ba sa zuwa. Guraben da ake ɗan takawa da ƙafa ko a tura amalanke sun ma fi, in babu tsoho a tafiyar.

To, in tafiyar ta haɗa biyun fa? Wannan shi ya fi faruwa: iyaye da ƙananan yara a mota, samari a tanti. Wasu wuraren sun yarda a kafa ƙaramin tanti ɗaya kusa da mota, wasu ba su yarda ba, wasu sai an ƙara kuɗi. Ka ji daga bakin ofis. In gurbi biyu za ku kama, nemi inda layin masu wuta ya haɗu da na marasa wuta, ku ɗauki ɗaya a nan ɗaya a can, a yi girki a na motar.

Mataki na 6: Lokaci, da kama wuri

Ranaku uku ne ko'ina ke cika: hutun Litinin ta ƙarshen Mayu, 4 ga Yuli, da hutun Litinin ta farkon Satumba. Sai kuma Asabar ɗin tsakiyar Mayu da ake buɗe kamun kifi. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a arewa, akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo a bayan kunne da wuya. Yuni da Yuli na sauro ne. Kaska kuwa tun daga Mayu take, kuma ƙaramar cikinsu ce ke ɗauke da cutar Lyme, don haka duk dare a duba jikin yara, har cikin gashi da bayan gwiwa. In da zaɓi, ni tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba nake ɗauka: ƙwari sun ragu, ruwa bai huce ba, jama'a sun fara watsewa. Sai dai a zo da bargo na gaske. Ko a Yuli, asubahin arewacin jihar kan yi sanyi kamar na hunturu a Zariya, a Satumba kuwa har raɓa kan daskare.

Gandayen Minesota na buɗe kama wuri kwana 120 kafin ranar zuwa. Mai son 4 ga Yuli, ke nan, tun farkon Maris zai zauna gaban kwamfuta da safe, da lambobin gurbi uku ko huɗu a rubuce, don na farkon na iya tafiya kafin ya gama danna maɓalli. A Recreation.gov yawanci wata 6 ne. Wanda zai tsallaka maƙwabta ya sani Wiskonsin wata 11 ne, Mishigan wata 6, Ontariyo ta Kanada wata 5. In ka makara, kada ka fid da rai. Mutane na soke nasu a makon ƙarshe, kuma daga Lahadi zuwa Alhamis kusan kullum akwai wuri. Karanta ƙa'idar sokewa kafin ka biya, musamman a na 'yan kasuwa.

Mataki na 7: Buga waya

Kiran minti biyar ya fi karatun sharhi hamsin. Ka gaya wa ma'aikacin girman motarka ko tantinka da lambar gurbin, ka ce masa, in shi ne zai ɗauka? Sukan faɗi gaskiya.

Tambayi inda ake fakewa in hadari ya taso. Wannan ba tambayar matsoraci ba ce. A ranar 4 ga Yuli, 1999, iska mai gudun sama da mil 90 a awa ta kwantar da miliyoyin bishiyoyi a Boundary Waters, ta raunata masu kwana a tanti da dama. Tanti da tirela duk ba mafaka ba ne. A yawancin zanguna ginin banɗaki na bulo ne ake gudu a shiga. Tambayi kuma ko akwai sabis na waya, da inda asibiti mafi kusa yake.

Itacen wuta kada ka ɗauko daga gida. Wani ƙwaro mai kashe bishiyoyin ash, wanda aka fara gani a Mishigan a 2002, ya iso Minesota a 2009, kuma a cikin itace yake tafiya. A filayen DNR itacen da aka amince da shi kaɗai ake shiga da shi, ana sayarwa a ofis ko a kantunan kusa, ka ajiye rasit. Mai jirgi ko kwalekwale kuma doka ta tilasta masa ya cire ciyawa, ya tsiyaye ruwa, ya buɗe toshiyar jirgin kafin ya hau titi, don kada ya kai baƙin halittun ruwa wani tabkin. Mai janareto ya tambayi sa'o'in da aka yarda a kunna, in ma an yarda.

Naman halal ka saya tun daga Miniyapolis, inda shagunan Somaliyawa suke birjik, ka daskarar da shi ya zama ƙanƙarar kula. A ƙananan garuruwan arewa da wuya ka samu. Alƙibla a can arewa maso gabas take, kuma ka sauke jadawalin salla a waya tun da sauran sabis. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, isha'i kuma kan shiga bayan an fara dokar yin shiru, wadda a gandayen jiha daga 10 na dare ne zuwa 8 na safe. Jam'i a yi shi da sassauta murya, hira ma haka, don murya na tafiya nesa a kan ruwa.

Mataki na 8: Ranar isa

Ka isa da sauran rana. Kafin a sauke ko da jaka ɗaya, fito ka zagaya gurbin da ƙafa.

Ɗaga kai tukuna. Busasshen reshe a sama, ko bishiyar da ta mutu a tsaye ta karkato, ba a kwana ƙarƙashinsu. Sannan sunkuya ka karanta ƙasa. Inda ruwan sama ke kwanciya yakan bar shaida: ganyaye da tsinkayen bishiyar fayin sun taru sun yi layi a gefe ɗaya, ƙasar wurin ta yi santsi ta ɗan tsattsage, ko ka ga siririn kwari da ruwa ya yanka ya bi ta tsakiyar filin. Nan ne ya fi kyan gani da rana, a share tas, kuma nan ne za ka farka cikin ruwa da tsakar dare. Kafa tanti a inda ya ɗan fi tudu, kai a sama ƙafa a gangare, ƙofa ba ta fuskantar yamma, nesa da murhu ta yadda tartsatsi ba zai huda shi ba. Tamfol ɗin da za ka shimfiɗa a ƙasa kada ya leƙo waje, in ba haka ba shi zai tara ruwa ya kai maka ƙarƙashin katifa.

Mai mota ya buɗe akwatin lantarki ya duba. In bakin soket ya yi baƙi ko ya narke, ya koma ofis. A kashe makunni, a cusa wayar lantarki, sannan a kunna. Ya tabbata gefen da ke buɗewa ba zai bugi bishiya ko akwatin ba, kuma wani ya tsaya a inda direba ke hango shi ta madubi lokacin ribas.

Abinci, kula, tukwane, har man goge baki, duk a mota suke kwana, a rufe. Akwai baƙar beyar a arewa, akwai kuma rakun, wata 'yar dabba mai hannu kamar na mutum wadda ta iya buɗe murfin kula. Masu shayi su ji da kyau: gawayi ko risho ba ya shiga cikin tanti ko mota, komai sanyi komai ruwan sama, don hayaƙinsa marar wari na kashe mutum a cikin barci.

In gurbin bai yi ba, ka koma ofis tun kafin ka kafa komai ka nemi canji, sau da yawa akwai wanda aka soke. Kafin ku tashi kuma, ka zagaya zangon da takarda da biro wajen la'asar, lokacin da kowa ya kafa nasa, ka rubuta lambobin guraben da ke da iska da inuwa da ƙasa mai kyau, da tsawon motar da ka ga ta shiga kowanne.